Tsuntsayen da Ke Kan Farcena

A gidan surukaina da ke Jushi a Zariya, farcen mace allon sanarwa ne. Ba sai kin buɗe baki ba. Ki shigo da sallama, ki durƙusa ki gaida Hajiya, uwar mijina, kafin ki miƙe an karanta hannunki an gama, har an kai sharhi kicin. Dalilin kuwa kowa ya san shi. Jan farce yana hana ruwan alwala taɓa farce, don haka mace mai salla ba ta shafa shi sai a kwanakin da take hutun salla. Duk wadda aka ga farcenta da launi, an san halin da take ciki. In kuma matar aure ce da aka zuba wa ido, to an san wannan watan ma babu labari.

Ni ce matar da aka zuba wa ido. Ina cikin shekara ta uku da aure, amma amarya ake ce mini. Waɗanda aka kawo bayana tuni sun zama Maman wane da Maman wance, ni kuwa ina nan riƙe da sarautata, babu mai ƙwace ta. Yaron da aka haifa makon bikina ma, da bakinsa ya buɗe, amarya ya ce mini. Shi ya sa ban taɓa kusantar jan farce ba. Me zai kai ni in ɗauki kuɗina in buga wa dangin miji sanarwa duk wata? Lalle nake yi, shi ba ya hana ruwa, ba ya kuma kai rahoto.

Sai ga ciki. Mijina, wanda yake aiki a wani ofishi a jami'a, ya yi ta zagaye ɗakinmu na Samaru yana hamdala, sannan ya tsaya ya ce, "Kada mu faɗa wa kowa tukuna. Bakin mutane ba shi da kyau. A bari ya nuna kansa." Na yarda. Dama da wane baki zan zauna gaban uwar mijina in ce ina da ciki? Mahaifiyata kuwa ta rasu tun ina sakandare, babu wadda zan ruga in raɗa wa. Abu ɗaya na yi a ɓoye. Na shiga kasuwar Sabon Gari sayen kayan miya, na hangi wata atamfa shuɗiya mai duhu, da ƙananan tsuntsaye ruwan ɗorawa, kowanne ya buɗe fiffike. Na san ba a sayen kayan jariri kafin a gan shi. Na saya duk da haka, na ce zanen goyo ne, na tura shi can ƙasan akwati.

A cikin wata na huɗu cikin ya tafi. Ina tsaye gaban allo a makarantar firamaren da nake koyarwa na ji marata ta murɗa, kafin azahar ina kwance a asibiti an gama komai. Ban ga abin da aka naɗe ba, ban ga inda aka kai shi ba. Mijina ya zauna bakin gado idonsa jajir, ya riƙe hannuna, na ɗauka zai faɗi wata magana da zan riƙe har tsufa. Sai ya ce, "Don Allah kada Hajiya ta ji. Kin san hawan jininta." Hujjarsa mai ƙarfi ce: tunda ba a gaya mata akwai cikin ba, babu dalilin gaya mata babu shi. Aka sanar da duniya cewa taifot nake yi. Allah ya saka wa taifot da alheri, babu laifin da ba ya ɗauka a garin nan.

Mijina mutumin kirki ne, kada a ce na ci amanarsa. Kawai dai shi a wurinsa babu ciwon da tsire ba ya magani. Kullum da yamma sai ya shigo da ƙunshi, ya ajiye, ya tambaye ni ko na ci abinci, ya tsaya yana kallon bango. Shi ne ma ya je ya tambayi wani malami hukuncin salla, a madadin "matar wani abokinsa". Wannan matar abokin ta sha wahala a hannun mazan garin nan. Aka ce masa jinin biƙi ne, babu salla sai ya ɗauke, ko da zai yi makonni.

Ina zaune a tsakar gida wata safiya, babu makaranta, babu salla, babu mai zuwa gaisuwa tunda ba a yi wa mai taifot ta'aziyya, sai na tsinci kaina ina kallon hannuna. 'Yan matan jami'a da ke haya a gidan da ke kallon namu sun fito za su tafi lacca, suna yarfa hannu suna haɗa Hausa da Turanci, farcen kowacce yana ƙyalli. Na ce a raina, yau dai ga ni da abin da ban taɓa samu ba tun da na balaga, wato hutu mai tsawo. Wasu in sun fito daga irin wannan da jariri suke komowa gida. Ni na samu damar shafa jan farce. Na ɗauki mayafi na hau bas.

Shagon yana wani layi bayan kasuwar Sabon Gari, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da gashin kanti. Kiɗa na tashi, fanka na kaɗa warin sinadari daga wannan kusurwa zuwa waccan, bango cike da kwalabe kala-kala. Mai shagon 'yar kudancin Kaduna ce, da ɗan kuros a wuyanta, Hausarta ta fi tawa gudu, in ta juya ga wata kwastoma kuma ta koma Turancin burokin ba tare da ta ja numfashi ba. Ta dubi mayafina sau ɗaya ta gane irin kasuwar da ta shigo.

"Anti, na 'yan kwanaki ne ko? Akwai wanda ake gogewa da auduga, akwai na mannawa. Shi masu salla suka fi saya."

"Jel nake so."

"Anti, jel fa ba ya gogewa a gida. Sai kin dawo nan an jiƙa shi an kankare. Yana iya kai wata."

"Na ji. Ina da lokaci."

Ta dube ni, ta dubi yadda nake dafa kujera kafin in zauna. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta jawo wani ɗan filo ta sa mini a baya, ta ce in miƙo hannu.

Ashe kwalliya ma aikin kafinta ce. Ta yanke, ta goge da wani abu mai kaushi har farcen ya yi fari fat, ta ture fatar gindinsa da ɗan ƙarfe tana ce mini ba zafi, alhali ni ke da yatsan. Ta shafa wani ruwa mai yauƙi, ta ce in tura hannu cikin wata 'yar akwati mai shuɗin haske. Na zauna da hannu a ciki ina jin ɗumi yana ratsa farcen, kamar an sa gurasa a tanda. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba girmama duk wani aiki mai muhimmanci. Ta fita ta ja janareto, ta dawo tana goge hannu, muka ɗora daga inda aka tsaya.

Da aka zo zane ta miƙo mini wayarta in zaɓa. Akwai mai duwatsu, akwai mai harshen wuta, akwai wani dogo mai tsini da na rasa yadda mai shi take tsarki. Na mayar mata. Na buɗe tawa wayar na nuna mata hoton atamfar nan.

"Wannan shuɗin nake so. Da tsuntsun."

"A duka goman?"

"Duka."

Ta ɗauko wani buroshi siriri kamar gashin gira, ta sunkuya har ina jin numfashinta a yatsana. Ɗigo ɗaya kai, ja biyu fiffike, ɗan tsinke baki. In ta gama ɗaya sai akwatin haske, sannan na gaba. Surutunta duk ya tsaya. Da ta shafa na ƙarshe mai sa ƙyalli, ta murza mini mai a gindin farcen, na ɗaga hannu na duba. Wallahi sun yi kyau. Kyan da ya sa idona ya kawo ruwa, na yi saurin cewa warin sinadarin ne ya shiga mini ido. Ta ce e, yana yi wa mutane haka.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne Juma'a. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci muna Jushi, 'ya'ya da surukai da jikoki, sai an yi la'asar a watse. Maza suna zaure, mata muna tsakar gida. A nan yayar mijina take, wadda muke ce wa Yaya, malamar Islamiyya, mace mai kishin gyaran al'umma, musamman ɓangaren al'ummar da ya auri ƙannenta.

Juma'ar farko, ina miƙa hannu zan karɓi ruwa ta ce, "A'a, amarya! An sha kwalliya. Hutu ake yi ke nan." Ta ɗan yi shiru don kowa ya samu damar kallo. "To, Allah ya kawo rabo." Aka amsa da amin har daga kicin. Ni ma na ce amin, me zan ce? Da aka kira la'asar suka shimfiɗa tabarmi suka jeru, aka miƙo mini jaririn matar ƙanin mijina. Dama ni ce ma'ajiyar jarirai a gidan, ana ba ni ne wai ko Allah zai sa a dace. Na rungume shi, kansa yana ƙamshin man kaɗanya, na ƙura wa bango ido har suka sallame.

Juma'a ta biyu babu wanda ya yaba kwalliya. Yaya ta kama yatsana ɗaya ta juya shi kamar mai duba tumatir.

"Wannan sabo ne, ko na wancan makon?"

"Na wancan ne, Yaya."

"Ikon Allah," in ji ta. Ta sake ni. Aka yi la'asar, na riƙe jariri. Hajiya tana bakin ƙofar ɗakinta a kan darduma, carbi a hannu, ba ta ce uffan ba. Ita dama ba mai yawan magana ba ce, abin da ya sa na fi jin tsoronta ke nan.

Daga ranar gurup ɗin dangi da ke waya ya koma makaranta. Kullum da safe sai Yaya ta turo wa'azi a kan wanda ya bar salla da gangan, da irin makomarsa, da hukuncin zama da shi. Ba ta ambaci sunan kowa ba, Allah ya sani. Tsautsayi ne kawai ya sa duk malaman ƙasar nan suka tashi da maganar jan farce a mako ɗaya. Matan gidan suna ta turo hannuwan addu'a, waɗanda na san sai rana ta fito suke asuba ma har da su.

Mijina ya rikice. Shawararsa ta farko ita ce in sa safar hannu. A Zariya, a tsakiyar bazara, in shiga gidan surukai da safar hannu kamar mai shirin tiyata. Da na ƙi, sai ya ce to in je a cire a huta.

"In an cire fa? Har yanzu ban samu tsarki ba. In an tada salla in yi yaya?"

Ya sosa ƙeya. "Sai ki bi su kawai. Ki yi kamar kina yi."

"Wato in yi wa Allah wasan kwaikwayo don kada ran Yaya ya ɓaci."

Ya fita, ya dawo da tsire.

Gaskiyar magana, ko da akwai dabara, ba na son a cire. Abin da ya zauna a jikina wata da watanni ya tafi babu suna, babu kabarin da na sani, babu wanda ya ce mini sannu da rashi. A duk faɗin duniya babu wata shaida cewa ya taɓa zuwa sai tsuntsayen nan goma. Kuma ga inda suka kai ni: ko dai in ci amanar mijina in faɗi abin da ya roƙe ni in rufe, ko in zauna uwarsa tana kallona a matsayin wadda ta yar da salla. Wannan na biyun ya fi ci mini rai, domin ina ganin girman matar nan, kuma ina son ta ga nawa.

Juma'a ta uku Yaya ta zo da shiri. Muna gama cin abinci ta buɗe jaka ta fito da kwalbar abin goge farce da dunƙulen auduga, ta ce tsaraba ta kawo mini, tunda wataƙila tsadarsa ce ta hana ni. Kafin in yi magana ta kama hannuna ta ɗora a cinyarta. Mata suka matso. Ta jiƙa auduga ta murza. Ta ɗaga, auduga fara tas. Ta ƙara tuttulawa, ta dage, har ɗankwalinta ya zame. Tsuntsun nan ko gezau, sai ma ƙara ƙyalli da ya yi, kamar an wanke masa fuska. Na biya kuɗin aiki mai kyau, kuma ga shi ana tabbatar mini a gaban shaidu.

"Wannan wane irin bala'i ne?" in ji Yaya tana haki.

Wata ta ce a gwada kalanzir. Wata ta ce akwai sabuwar reza a ɗakinta. Ni dai ina zaune an riƙe mini hannu kamar akuyar da ake tayawa, idona ya cika, na rantse a raina ba zan bari ya zubo a gabansu ba.

"Ku sakar mata hannu."

Hajiya ce, daga bakin ƙofarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe tana dafa bango ta ce, "Amarya, zo."

Na bi ta. Ta saki labule, ta zauna bakin gado, ta nuna mini gefenta maimakon ƙasa inda na saba zama. Ta ɗauko tabarau ta sa, ta karɓi hannuna ta daɗe tana kallo. Gindin farcen ya riga ya fito fari, kowa ya gani ya san an kwana biyu.

"Lokacin rasuwar Alhaji a ɗakin nan kika kwana," ta ce. "Ke kike tada ni asuba. Na san sallarki." Ta shafa tsuntsu ɗaya da babban yatsanta. "Al'ada ba ta kai haka. Kuma ina kallon yadda kike zama, da yadda kike riƙe 'ya'yan mutane." Sai ta cire tabarau ta dube ni. "Wata nawa ne?"

Duk rantsuwar da na yi a tsakar gida ta tashi a banza. Na buɗe baki, kuka ya riga magana. Da ƙyar na ce, "Ya shiga na huɗu, Hajiya."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita, ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in yi shiru ba. Sai da na lafa ta fara tambaya.

"Wa ya dafa miki ruwan wanka?"

"Babu."

"Wa ya dama miki kunu?"

"Yana sayo mini tsire."

"Tsire," in ji Hajiya. Ta faɗe shi a hankali, yadda na tausaya wa mijina tun kafin ya shigo.

"Ya ce saboda hawan jininki ne, Hajiya. Kada ki ga laifinsa."

"Hawan jinina. Kafin in haife shi na binne na binnewa, jinin bai kashe ni ba. Sai yanzu da ya yi gemu zai ɓoye mini rasuwar jikana." Ta sake duban farcen. "Wannan tsuntsun fa?"

Na gaya mata zancen atamfar, ina jiran faɗa, tunda ita ce shugabar masu cewa ba a sayen kayan jariri. Sannan ta ce in kawo mata zanen ta ajiye a akwatinta. "Wannan kuma ki bar abinki. Ranar da kika samu tsarki kya je a cire."

Ta miƙe ta ɗaga labule. Matan suna nan yadda muka bar su, sun yi tsit suna jiran hukunci, Yaya da kwalbarta a hannu. Hajiya ta ce a ɗora babbar tukunya, a hura itace ba gas ba, a aika a saro ganyen darbejiya, wata kuma ta jiƙa gero da kanwa.

Yaya ta ce, "Hajiya, wa za a dafa wa ruwa da ranar nan?"

"Maijego," in ji Hajiya. "Ku gyara wa maijego shimfiɗa a ɗakina, a nan za ta zauna. A leƙa zaure a gaya wa mijinta ya koma Samaru shi kaɗai, ya je ya ci tsirensa."

Babu wadda ta motsa da farko. Na ga maganar tana shiga fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Matar ƙanin mijina, wadda kullum take miƙo mini jaririnta, ta rufe baki da hannu. Yaya ta dubi audugar da ke hannunta, ta ajiye ta a ƙasa, ta shigo ɗakin ta durƙusa a gabana, ita da ban taɓa ganin gwiwarta a ƙasa don wani ba.

"Sannu," ta ce. "Ya ƙarin haƙuri?"

Ita ce gaisuwar farko da aka yi mini. Na ce da godiya.

Kafin la'asar hayaƙi ya cika tsakar gida, ƙamshin darbejiya ya shigo har ɗaki. Aka kawo kunun kanwa a babban kofi, da zafinsa. Ina jin Hajiya a waje tana faɗa wa wata da ta shigo daga maƙwabta cewa a rage surutu, akwai maijego a ciki. Na riƙe kofin da hannu biyu, tsuntsayen duk suna waje, na sha.